"Bakin da Allah ya tsaga": dogaro ne ko mafakar rago?

Ɗan Kurmi: Salamu alaikum jama'a. Jiya na yi wa ƙanina faɗa kan zaman kashe wando a majalisa, sai ya kalle ni ya ce, "Yaya, bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci." Na rasa ta cewa, don ban isa in ƙaryata maganar ba. Wai abin da Bahaushe yake nufi ke nan?

Malam Na Zaure: Wa alaikumus salam. Maganar tana da gindi. Suratu Hud, aya ta 6, ta ce babu wata dabba a bayan ƙasa face arzikinta na kan Allah, kuma cikin sunayensa akwai Ar-Razzaƙu. Amma ka tuna wa ƙanin naka hadisin tsuntsaye da Tirmizi ya kawo: suna fita da safe ciki wayam, su dawo da yamma a ƙoshe. Fita suke yi. Ba a ce hatsin yana iske su a sheƙa ba.

Mai Shayi: Shi ya sa ni nake amsa irin wannan da "Allah ya ce tashi in taimake ka."

Malam Na Zaure: A yi hattara, ɗan'uwa. Wannan ba aya ba ce, zancen Hausa ne, bai kamata a ce "Allah ya ce" ba. In aya kake so, ga Nana Maryamu: tana cikin naƙuda aka ce ta girgiza kututturen dabino. Wanda ya ba ta ɗa babu uba bai gaza sauko mata da dabino ba, amma sai da ta miƙa hannu.

Goggon Yara: Ku duk kun tafi wajen aiki. Ni a bakin masu ƙoƙari na san wannan magana, lokacin da ƙoƙarin ya ƙare. A farin 1973 ina yarinya, rumbunmu ya zama sai ƙaiƙayi. Kakarmu takan ɗora tukunya da ruwa zalla da la'asar don kada mu fara kuka, tana iza wuta tana faɗin karin maganar nan ƙasa-ƙasa. Ba da mu take ba, da Ubangijinta take. Kamar tana cewa, kai ka tsaga bakunan nan, ban roƙe ka ba, ka fi ni sanin suna nan.

Ɗalibi: Goggo, a gafarce ni, amma a wannan farin ai an rasa rayuka. Su ba Allah ya tsaga bakinsu ba?

Goggon Yara: Shi ya tsaga, ɗana. Abin da ya ƙaddara ban san sirrinsa ba, ba kuma zan yi maka ƙarya ba. Amma na ga masu hatsi a ɓoye suna jiran ya yi tsada, kuma su ma wannan karin maganar suke jefa wa mai bara a ƙofar gida. A bakinsu ba na son jin ta.

Mai Shayi: To Ɗan Kurmi, tambaya ɗaya: wa ke ciyar da ƙanin nan naka yanzu?

Ɗan Kurmi: Ni mana. Har kuɗin kati.

Mai Shayi: Ashe yaron bai yi ƙarya ba, ta hannunka ake biyo masa da shi.

Ɗan Kurmi: Tuwo dai ba zan hana shi ba, na ji maganar Goggo. Amma gobe da asuba tare za mu buɗe shago.