Wace kalma za ta tsaya mana a madadin "récepteur" na kolesterol?

Ƴan'uwa malamai da ma'aikatan lafiya na Damagaram, takardun gwajin jininmu da Faransanci suke fitowa, amma da Hausa ake yi wa marar lafiya bayani, saboda haka kalmar nan ta "récepteur", wato abin da ke bisa ƙwayoyin jiki mai shigar da kolesterol cikinsu daga jini, tana bukatar suna tsayayye. An kawo shawara uku: ƙofa, mariƙi da makarɓi. Ni ina goyon bayan makarɓi, jam'insa makarɓa, kuma dalilina daga aikin abin kansa ya fito.

Kolesterol ba ya narkewa a jini, sai an ɗauke shi cikin ƙananan ƙunshi irin su LDL, kuma kowane ƙunshin LDL yana ɗauke da furotin apo B-100 guda tak, mai amino asid (tubalan da ake gina furotin da su) 4536. Wannan furotin ne "récepteur" ɗin da ke bisa ƙwayoyin hanta yake ganewa, sai ya kama ƙunshin, ya shiga da shi cikin ƙwayar, ya sake shi a can, sannan ya dawo waje jiran wani. Michael Brown da Joseph Goldstein ne suka gano haka a Dallas ta Amurka, aka ba su kyautar Nobel a 1985. Mariƙi aikinsa riƙewa kawai, ƙofa kuwa ba ta tantance mai shiga, alhali karɓa ta ƙunshi dubawa, amincewa da shigarwa.

Inda bambancin ya fi fitowa shi ne wata cutar gado da aka bayyana a ƙarshen shekarun 1980, wadda a cikinta amino asid gulutamin ke maye gurbin amino asid arjinin a matsayi na 3500 na apo B-100. Makarɓa lafiyarsu lau, furotin ɗin ne ya sauya har ba su iya kama shi da kyau, sai LDL ya daɗe yana yawo a jini, ya taru a bangon jijiyoyin zuciya. Da mun zaɓi ƙofa, ɗalibi zai ce ƙofa ta toshe, ya ɗora laifin inda babu shi. Da makarɓi kuwa za mu ce kai tsaye: makarɓi bai gane mai kawo kaya ba, kuma wannan jimla tsohuwar da ta kawo jikanta asibiti za ta fahimce ta.

Game da furotin da ya sauya, ban yarda da "gurɓatacce" da wasu suka kawo ba. Misali shi ne apo E, wani furotin da makarɓi ke ganewa: nau'insa apo E2, mai amino asid sistin a madadin arjinin a matsayi na 158, kamunsa ga makarɓi bai kai kashi 2 cikin 100 na apo E3, nau'in da aka fi samu, ba, amma mafi yawan waɗanda suka gaje shi ta uwa da ta uba ba su kamuwa da ciwo sai wani dalili ya ƙaru, kamar ƙiba ko ciwon sukari. "Sauyayyen nau'i" ya fi dacewa da irin wannan furotin, domin bai yanke wa mutum hukunci tun kafin a duba jininsa ba.