Neman shawara: na raba kiɗan Chopin wa ɗalibai uku, ya fito fayau

Malamar Kiɗa: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina koyar da kiɗa a wata makarantar sakandare, kuma saura mako shida bikin yaye ɗalibai. Yara uku nake da su: mai sarewar Turawa, mai kilarinet, da mai celo, wato babban gogen nan da ake kafawa a ƙasa. Babu piyano a zauren. Na ɗauko wani kiɗan piyano, Nocturne na Chopin, mawallafin kiɗa ɗan Poland, Op. 9 lamba 2, na ba mai sarewa abin da hannun dama ke bugawa, na juye hannun hagu gaba ɗaya wa mai celo, kilarinet kuma yana riƙe dogayen sautuka a tsakiya. Da muka gwada jiya, sai abin ya fito fayau kamar miyar da ba gishiri. Yaron celo yana ta tsalle daga ƙasa zuwa sama har ya yi gumi, yarinyar sarewa kuma numfashinta na ƙarewa a tsakiyar jimla. Ina na kuskure?

Mai Celo: Wa alaikumus salam Malama. Kin kwafe abin da ke kan takarda, kin bar abin da ba a rubuta ba, wato aikin ƙafa. Duba hannun hagun da kyau. Awon kiɗan 12/8 ne, kowane gungu bugu uku: sautin ƙasa guda ɗaya, sai haɗin sautuka sau biyu a sama. Mai piyano yana taka feda, sai sautin ƙasan ya ci gaba da amo duk da yatsan ya riga ya tashi ya tafi wani wuri. Wannan amon shi ne ɗumin kiɗan. Celo ba shi da feda, da zarar baka ya bar tsirkiya magana ta ƙare.

Don haka ki raba hannun hagun gida biyu. Celo ya ɗauki sautin ƙasa kaɗai, ya ja shi tsawon bugu ukun. Kilarinet ya ɗauki bugu na biyu da na uku. Tunda sauti ɗaya yake iya fitarwa a lokaci guda, daga kowane haɗi ki zaɓar masa sauti na uku in an ƙirga daga tushen haɗin, in akwai sauti na bakwai ki saka shi a bugu na gaba. Su ne ke nuna launin haɗin. Na biyar kuwa ki yar da shi ba tare da jin ciwo ba, kunne yana cike gurbinsa da kansa.

Ɗan Badujala: Malama, tambaya ɗaya kafin komai: kin ɗaga wa kilarinet takardarsa? Kilarinet na B-filat in ya ga do a rubuce, abin da ke fita ya yi ƙasa da taki ɗaya cikakke. Kiɗan yana E-filat, to nasa sai a rubuta a F. Na taɓa shan kunya a kan wannan a wani taron makaranta, na raba takardu duka a ma'auni ɗaya, muka fara, mutane suka riƙa kallon juna. In da MuseScore, manhajar rubuta kiɗa, kike rubutawa, zaɓi kayan kiɗan daidai tun farko, shi zai juya miki.

Abin daɗin shi ne F filat ɗaya ce kawai a cikinta, wato alamar sauke sauti rabin taki, yatsun yaron za su sha iska. Ni da zan ba shi jimlar farko ma, sarewa ta karɓa a maimaici inda Chopin ya ƙara ado. Kin ga kowa ya samu wurin numfashi.

Mai Son Piyano: Ni dai ku yi haƙuri, ban ga dalilin taɓa wannan kiɗan ba. Chopin kusan duk abin da ya rubuta na piyano ne. A nemo kibod a ara mana.

Tsohon Malami: Ɗana, da mutanen wancan zamanin sun yi irin tunaninka, da rabin Turai ba su san kiɗan junansu ba. Babu faifai, babu rediyo. Wanda ba ya iya zuwa babban zaure, a falonsa yake jin kiɗan, an rage shi daidai da kayan da ke gidan. Liszt ya mayar da manyan kaɗe-kaɗen Beethoven guda tara duka na piyano ɗaya, ya kuma yi haka da waƙoƙin Schubert da dama. Raye-rayen Hangari na Brahms, guda 21, da suka fito a 1869 da 1880, asalinsu na mutum biyu ne a kan piyano ɗaya, abokinsa Joachim ya mayar da su na goge da piyano. Wannan Nocturne ɗin ma Sarasate ya yi masa na goge. Ba yau aka fara ba.

Sai dai 'yata, inda zan ba shi gaskiya kaɗan: kin zaɓi mai wuya. Da ni ne, da yara 'yan sakandare da mako shida, Träumerei na Schumann zan ɗauka, daga cikin Kinderszenen na 1838. Gajere ne, yana F, kuma muryoyinsa suna tafiya kowacce da layinta kamar mawaƙan coci, sai dai ki zare su ɗaya bayan ɗaya ki miƙa wa kowane yaro tasa. In kin nace a kan Chopin, ki kula da jan lokaci. An ruwaito daga ɗalibansa cewa yana so hannun hagu ya tsaya kan awo, na dama ya yi ta yanga. Ke nan celo shi ne ganga, kada ya bi sarewa in ta yi jinkiri, ita za ta dawo ta same shi.

Mai Jita: In akwai yaro mai jita a makarantar, ki gwada shi a madadin kilarinet a rakiyar, domin tsirkiyarsa tana ci gaba da amo kamar feda. Tárrega na Sifaniya ya sha mayar da kiɗan Chopin na jita. Matsalar kawai E-filat ba ta yi wa jita daɗi, E ko D ko A take so, kuma da kin matsa can takardar kilarinet za ta cika da shaf, wato alamar ɗaga sauti rabin taki.

Ɗan Badujala: Wani abu kuma, ki ɗauko takardar asali daga IMSLP, shafin intanet na takardun kiɗa, kyauta ce, Chopin ya rasu tun 1849. Amma tsarin da wani ya yi kwanan nan haƙƙinsa ne, kada ki kwafa.

Malamar Kiɗa: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na duba, ashe ban ɗaga wa kilarinet ba, shi yaron ne yake juyawa da ka bai faɗa min ba. Baba, zan riƙe Schumann a gefe, in mako biyu suka wuce Chopin bai zauna ba, mu koma can. Saura abu ɗaya: wurin nan dab da ƙarshe inda sautuka huɗu ke ta zagayawa can sama ba awo, yarinyar ba ta kai shi da tsabta. In sauko mata da shi hawa ɗaya, wato oktaf guda, ko in rage yawan zagayen?

Mai Celo: Ki yi duka biyun. Sauko da shi, ta zagaya sau huɗu ko biyar a numfashi ɗaya, sauran biyun su yi shiru har sai ta ɗaga musu gira.