Masu jinyar ƙoda, ya kunnen marasa lafiyarku?

Maman Ummi, Aboabo: Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan Baba yake wankin ƙoda, sau biyu a mako, ni ke raka shi asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi. Tun azumin bara muka ga ya sauya. A yi masa magana ya yi banza da mutum, jikoki su gaishe shi ya wuce abinsa. Mma ta ce ciwo ne ya sa masa baƙin rai, a ƙyale shi. Haka ni ma na ɗauka, sai ranar da nas take gaya masa iyakar ruwan da zai sha a wuni, yana ta gyaɗa kai yana "to, to". Muna fitowa ya kamo hannuna ya ce, "Wai me yarinyar nan ta ce?" Ashe duk gyaɗa kan nan kunya ce. Abin da ya ɗaure mini kai, yana jin kiran sallah sarai, amma muryata da ta Ummi sai dai ya bi bakinmu da ido. Shekararsa 63. Tsufa ne, ko ƙodar ce?

Alhaji, Nima: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya ba Baba lafiya. Ni mai ciwon ne da kaina, hawan jini ya ja mini. Nawa da ƙara ya fara, kamar gyare ya shige kunnena ya ƙi fita, ya fi damuna da dare idan gari ya yi tsit. Daga baya na lura mutum ɗaya a ɗaki ina jinsa, amma ran Laraba a kasuwar Nima, ko wurin ɗaurin aure, duk maganar sai ta dame mini kamar koko. Na yi wata shida ina cewa mutane ne ba sa buɗe baki. Da aka gwada ni a asibitin Korle Bu da ke Accra, abin kunne kawai aka sa mini, in na ji ƙara in danna. Ba allura, ba zafi. Aka ce siraran sautuka ne suka fara tafiya, shi ya sa muryar mata da yara ke fara ɓacewa. Kada ku yi wa Baba ihu, ihu ba ya ƙara komai sai ɓacin rai. Ki zauna gabansa ya ga fuskarki, a kashe rediyo.

Ɗan Asawase: Ku dai duba abu mai sauƙi tukuna. Goggona ma mun tsorata, ashe datti ne ya toshe kunnen. Aka wanke a asibiti, ta dawo gida tana cewa mun cika surutu.

Nas, Mamobi: Gaskiyar Ɗan Asawase, a fara leƙa kunnen. Amma Maman Ummi, ba zato kike ba, alaƙar sananniya ce. A can cikin kunne akwai wani ɗan abu mai siffar dodon koɗi, cike da ruwa, kuma ji ba ya yiwuwa sai gishirin ruwan nan, musamman sinadarin fotasiyam, ya daidaita. Naman da ke wannan aikin ya yi kama ƙwarai da na ƙoda, dukansu kuma da ƙananan jijiyoyin jini suke rayuwa. To suga da hawan jinin da suka cinye ƙoda ba za su bar kunne ba. Ga kuma dattin da ke taruwa a jini idan ƙoda ta gaza, yana taɓa jijiyar ji. Wani bincike da aka yi a Ostireliya, aka buga a 2010, ya duba mutum fiye da 2,500 masu shekara 50 zuwa sama: cikin masu raunin ƙoda kashi 54 cikin ɗari suna da matsalar ji, sauran kuwa kashi 28.

Sai magani. Furosemide, wanda muka fi sani da Lasix, idan aka ba da shi da yawa ta jijiya da sauri yana iya taɓa ji, ko da yake sau da yawa jin yana dawowa. Ba ina cewa a daina sha ba, don Allah kada wani ya ajiye maganinsa ya ce nas ce ta faɗa. A gaya wa likitan ƙoda, shi zai san yadda zai yi.

Yaya Babba, Sabon Zongo: Nas, kin manta gentamicin, ita ta gama da ƙanena. Ƙodarsa ta riga ta yi rauni ba mu sani ba, ya yi zazzaɓi da ciwon mara, wani mai kemis ya yi ta dirka masa allurar nan kwana da kwanaki. Kafin sati biyu yana tafiya yana tangaɗi kamar ɗan maye, in dare ya yi sai ya dafa bango. Likita ya ce ƙoda ce ke fitar da wannan maganin, idan ta gaza sai ya taru a jiki ya lalata kunne, kuma abin da ya lalace ba ya dawowa. Yanzu na'urar ji yake sawa. Ban riƙe mai kemis ɗin shi kaɗai ba, mu ma mun so araha.

Hajiya, Sawaba: Mu namu na gado ne. Kawunnaina biyu, 'yan uwan mahaifiyata, duk sun kurumce tun suna samari, duk kuma ƙoda ce ajalinsu. A gida aka ce sammu ne, an sha rubutu, an yi turare. Sai da ɗana ya fara fitsari kalar shayi yana firamare, malaminsa kuma ya kawo ƙarar ba ya sauraro a aji, sannan likitan yara ya haɗa zancen. Ya ce sunan cutar Alport, mata ne galibi ke ɗauke da ita, ta fi tsanani a kan maza, tana taɓa ƙoda da kunne har da ido. Ya tambaye ni tarihin dangin uwata, ina ba shi ina kuka. Yaron yana kan magani, yanzu bencin gaba yake zama.

Maman Ummi, Aboabo: Allah ya saka da alheri, Hajiya Allah ya raya mana shi. Jiya na gwada shawarar Alhaji, na kashe rediyo na durƙusa gaban Baba na ce za mu je a duba kunnensa. Ya yi shiru, can ya ce shi ma ya daɗe da sani, tsoro yake kada a ƙara mana kuɗin wani ciwon a kan na wanki. Ran Alhamis muna da wanki, zan nemi likita ya rubuta mana takardar zuwa sashen kunne. Na sayi ɗan littafi kuma, duk abin da nas ta faɗa zan rubuta masa da ajami, don shi boko bai dame shi ba.