Camry fensir ta 1999: in mayar da birkin baya diski, ko in fara da shokozoba?

Baban Ilham: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema. Camry fensir gare ni, ƙirar 1999, mai silinda huɗu, gadon mahaifinmu ce, saboda haka kada wanda ya ce in sayar. A Zariya nake koyarwa, iyalina suna Jos, duk ƙarshen wata ina hanya. Kwanan nan in na taka birki sai gaban motar ya duƙa, in na faɗa rami kuma ta yi ta rawa kafin ta natsu. Birkin ma sai na taka shi sosai yake kamawa. Naira dubu 250 na tanada. Bakanikena ya ce in cire birkin duram ɗin baya in sa birkin diski na Camry V6, wato mai silinda shida, ya ga cikakken saiti a kasuwar Fanteka ta Kaduna. Ni kuma ina ganin kamar shokozoba huɗun ne matsalar. Kuɗin ba zai yi duka biyun ba. Da wanne zan fara? Wanda ya taɓa yin wannan canjin nake son ji daga bakinsa.

Ɗan Kwalisa: Wa alaikumus salam. Malam ka sayar da ita ka cika ka sayi Corolla, ka huta.

Baban Ilham: Ɗan'uwa, layi na biyu na rubutuna ka sake dubawa.

Maman Walid: Allah Ya jiƙan Baba. Irinta maigidana ke ja. Bara ya sa shok huɗu 'yan Beljiyam da sifirin ɗinsu, dubu 140 har kuɗin aiki, a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Motar ta dawo tamkar amarya.

Na Gangare: Hajiya wace barar? Watan jiya na taya na gaba kawai, guda biyu, aka ce dubu 110, ko sisi ba ragi.

Maman Walid: To ban sani ba ko fuska suka duba maka. Ni dai rasit ɗin yana nan a durowa.

Tsohon Direba: Ku bar maganar shok tukuna, ku ji ta ganau. Shekara 19 ina jan haya tsakanin Jos da Akwanga. Ana saura kwana uku Babbar Salla na kai mota a canza min fad ɗin birki na gaba. Na ba yaron gareji kuɗin mai kyau, ya tafi ya dawo da kwali mai sheƙi, har da tambarin nan mai walƙiya. Aka ɗaura, na zaga gari, lafiya lau. Washegari na yi lodi, mutum shida da buhun dankali biyu a but. Mun fara gangara Hawan Kibo ke nan na ji ƙauri kamar ana ƙona roba. Na taka, birki ya yi tauri amma mota ba ta rage ba. Na sake takawa, ƙafata ta tafi har ƙasa. Ga tirela a gabana, ga wata tana hawowa. Wallahi ban san sanda na jefa giya biyu ba, na riƙa jan birkin hannu kaɗan-kaɗan, na goga gefen motar da dutse har ta tsaya. Wata baiwar Allah ta karye a hannu. Da aka kwance, fad ɗin ya ƙone ƙurmus, yana marmashewa kamar gawayi. Man birkin kuma baƙi ƙirin, tun da na sayi motar ba a taɓa juye shi ba, ƙari kawai ake yi. Na koma garejin, ogan ya ce shi bai aiki kowa kasuwa ba, yaron kuma wai ya tafi garinsu. Ni na biya kuɗin ɗori, ni na biya gyaran bodi, Sallar nan ko kaza ban yanka ba.

Maman Walid: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya ƙara kiyayewa Baba.

Baban Ilham: Allah Ya tsare gaba Baba. Sai dai ni ta Fambeguwa da Saminaka nake bi, Hawan Kibo ba ya kan hanyata.

Tsohon Direba: Ɗana, birkin jabu bai san sunan hanya ba. Kuma ban gama ba. Yaron nan na gan shi bayan wata huɗu a wata tasha yana sayar da man giya. Na kama rigarsa, mutane suka taru, ƙarshe ni aka ba haƙuri, wai yaro ne. Yaro? Mai gemu?

Injiniya Kad: Baba abin da ya same ka abu biyu ne suka haɗu, kuma su ne amsar Malam. Fad ya yi zafi ya daina kamawa, sannan man ya tafasa. Man birki yana jan danshi daga iska. Sabon man birki nau'in DOT 3 sai zafi ya kai digiri 205 na Salsiyos kafin ya tafasa, DOT 4 kuwa 230, amma in ya sha ruwa abin yana saukowa sosai. Da ya tafasa sai tururi ya cika layi, tururi kuwa matsuwa yake yi, shi ya sa ƙafa ke tafiya ƙasa. Duk shekara biyu ya kamata a juye shi gaba ɗaya. Malam Baban Ilham, yawancin aikin tsayar da mota birkin gaba ne ke yin sa. Diskin baya ba zai gyara maka laushin nan ba. A juye mai, a fitar da iska, a duba tiyon roba ko ya kumbura, a daidaita shu ɗin da ke cikin duram ɗin baya, in abin bai tafi ba a duba masta, wato famfon da ke tura man birki. Sauran kuɗin ka zuba a shok.

Oga Mai Sifana: Injiniya da girmanka, wannan karatun littafi ne. Ni da hannuna na yi wa fensir uku wannan canjin, ba wanda ya dawo da kuka. Duram da damina yana shan ruwa da taɓo, ga shi kullum sai an ɗaure shi. Malam ka kawo ta Kaduna, kwana ɗaya ka tafi da ita.

Injiniya Kad: Oga, a ukun nan ka canza bawul ɗin da ke raba ƙarfin birki tsakanin gaba da baya? Wayar birkin hannu fa? Ta V6 daban take, don birkin hannunta wani ɗan ƙaramin duram ne a cikin diskin. In baya ya riga gaba kamawa a jiƙaƙƙen titi, juyawa motar za ta yi.

Oga Mai Sifana: Wayar muna canzawa mana. Bawul kuwa ban taɓa taɓa shi ba, kuma duk suna yawo a gari. Kai ka taɓa kwanciya ƙarƙashin mota?

Injiniya Kad: Yawo a cikin gari daban, birkin gaggawa a kan gudu 100 daban.

Tsohon Direba: Irin wannan “ba wanda ya dawo” ɗin ce ta kusa kashe ni. Wanda ya mutu dawowa yake yi?

Oga Mai Sifana: Haba Baba, kada laifin wani ya shafi kowa. Mu ma muna da iyali. Sau nawa mai mota zai zo, ka ce masa ga na dubu 25 ga na dubu 8, ya ce sa na takwas ɗin, Allah na nan? In ya lalace kuma bakanike ne ɓarawo. Araha ba ta ado.

Sarkin Zolaya: Malam ga shawara kyauta. Ka sayi jaki. Shokozoba huɗu daga Allah, birkinsa da baki ake takawa, ba ya shan fetur, sai dai ranar da ya ga dama zai kai ka Jos.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum mutanen Najeriya. Nan wajenmu na sa ma tawa shok sababbi na gaba, jaka 35 ta sefa kowane. Na Kwatano jaka 20 ne, amma ban yarda da su ba. Shok ɗin da ya gama aikinsa a Turai shi za ka ɗauko ka kai ma ramukanmu? Abin da zan ce, kowane za ka sa, a sa biyu tare, hagu da dama, kuma a duba bushin da bol join tun mota na sama. In an gama a kai ta alaimin, in ba haka ba taya za ta cinye gefe guda.

Na Gangare: Jaka 35 nawa ke nan a naira yanzu?

Ɗan Maraɗi: Kada mu shiga nan ɗan'uwa, zumunci zai ɓaci.

Maman Walid: Na tambayi Baban Walid yanzu. Ya ce ashe dubu 140 ɗin na baya biyu ne da bushin, na gaba ɗaure su aka yi. Ku yi haƙuri.

Injiniya Kad: Hajiya “ɗaurewa” fa huda shok ake yi a ɗura masa mai a toshe. Wata biyu ko uku ne ya koma gidan jiya.

Baban Ilham: To yanzu dai in bar diskin ke nan? Oga, nawa saitin V6 ɗin yake zuwa har aiki? Har yanzu ba wanda ya faɗa min.

Oga Mai Sifana: Sai na ga mota. Amma tunda kana tafiya da kaya, a sa maka roba a sifirin ɗin baya a ɗaga ta kaɗan, ta daina dukan ƙasa.

Na Gangare: Yauwa, ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Me ke kashe mana shok in ba tudun nan da ake ginawa a titi ba? A layinmu kaɗai guda bakwai ne daga masallaci zuwa bakin kwalta. Kowa ya yi sabon gida sai ya sayo siminti buhu biyu ya gina kabari a ƙofar gidansa, ba fenti ba alama. Shekaranjiya da daddare na hau wani sabo, salansa ta tsinke.

Maman Walid: Ai ku ne ba kwa rage gudu. Ɗan maƙwabciyata mai shekara biyar mai babur ya buge shi a ƙofar gida. Mu muka haɗa kuɗi aka yi namu, kuma ba mai fasa shi.

Na Gangare: Hajiya ban ce kada a yi ba. A yi shi da faɗi yadda mota za ta hau ta sauka, ba kamar an kwantar da turmi ba.

Sarkin Zolaya: Jakina dai tsallakewa yake yi.

Tsohon Direba: Tudu ma da sauƙi. Ku je ku ga ƙauyukan da ke jera guma-gumai da tsofaffin tayoyi a kan babbar hanya don a tsaya a sayi rake da doya. Akwai wani wuri bayan an sauka daga dutsen, ku tsaya in ba ku labarin abin da ya faru da ni a can cikin azumi.