Wanda ya taɓa hawa dutsen Doi Suthep ya ba mu labari

Mai shago a Kwari:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Cikin watan Disamba, in Allah ya kai mu, zan je Bankok saro kaya, kuma wannan karon da uwargida za mu tafi. Sai an yi kwana huɗu kafin a gama haɗa mana kayan, shi ne muka ce maimakon zaman otal mu leƙa Chiang Mai, can arewacin Tailan. Duk wanda na yi wa maganar sai ya ce kada mu kuskura mu dawo ba mu hau Doi Suthep ba. To amma wurin ibadar mabiya Buda ne a saman dutsen, kuma Hajiya na fama da gwiwa. Don Allah wanda ya taɓa zuwa ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa, da yadda Musulmi zai yi ya shiga ya fita lafiya.

Ɗalibi a Tailan:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Sau uku na hau. Daga Bankok jirgin sama awa ɗaya da 'yan mintuna ne, jirgin ƙasa kuwa kwana ake yi a hanya. Daga cikin gari zuwa wurin kamar kilomita 15 ne. Akwai jajayen akori-kura masu benci biyu a baya, suna lodi a gindin dutsen kusa da gidan namun daji, sai ta cika take tashi. Tunda da Hajiya ne, gara ku ɗauki shata, ku yi ciniki zuwa da dawowa tun kafin ku shiga. Hanyar kwana-kwana ce tun daga ƙasa har sama, kada ku cika ciki kafin ku tashi, don na ga waɗanda zuciya ta tasar musu.

Ita kanta hanyar da tarihinta. Wani babban malaminsu, Khruba Siwichai, shi ya tara jama'a suka fasa ta da hannu, aikin gayya, aka gama a 1935. Za ku ga mutum-mutuminsa a gindin dutsen, mutane na ajiye furanni. Kafin nan da ƙafa ake ratsa daji, har yanzu ma sababbin ɗaliban Jami'ar Chiang Mai a ƙasa suke hawa duk shekara.

Inda mota ke ajiye mutum akwai matakala sama da 300, macizai biyu na ado sun miƙe a gefenta tun daga ƙasa har ƙofa. Ba dole Hajiya ta taka ko ɗaya ba. A gefe akwai wani ɗan tarago da ake ja da igiyar ƙarfe, a biya kuɗi kaɗan ya kai mutum sama.

Maman Husna:
Hajiya ta kwantar da hankalinta, ni ma da ciwon ƙafa na je, taragon na hau. Abin da na fi jin tsoro shi ne a kalle ni saboda hijabi, sai na tarar babu mai ko ɗaga kai. Waɗanda ake tsayarwa a ƙofa su ne masu gajeren wando da masu kafaɗa a waje, sai sun ɗaura zane. Mu shigarmu ta gida ta wadatar.

Na shiga har farfajiyar ciki. Ana cire takalmi tukuna, ku sa safa don tayil ɗin da sanyi da safe. Hasumiyar da ke tsakiya an lulluɓe ta da ruwan zinariya, in rana ta buge ta sai ka runtse ido, ga manyan laimomi na zinariya a kusurwoyinta huɗu. Mutane na zagaya ta ɗauke da furen bado da turaren tsinke, ba hayaniya. Na ga wata tsohuwa da ba za ta gaza shekara tamanin ba, jikarta na riƙe da gwiwar hannunta, ita kuma leɓenta na motsi, ƙafafunta duk sun kumbura amma sai da ta kammala zagayenta. Na raɓe jikin bango na ba su hanya, ban shiga layinsu ba, ban kuma ɗauke ta hoto ba, don ni ma ba zan so baƙo ya sa mini waya a fuska ina salla ba.

A wani ɗaki akwai malaminsu zaune da mayafi ruwan goro, yana yayyafa wa mutane ruwa, ana ɗaura musu farin zare a wuyan hannu. Wata mata ta yafito ni in matso. Na dafa ƙirji, na yi murmushi, na girgiza kai. Ita ma ta yi murmushi, shi ke nan. Abu ɗaya Hajiya ta kiyaye: mace ba ta taɓa malamansu, ko gogar mayafinsu ba ta yi, in an haɗu a ƙofa sai ta kauce.

Malamin makaranta daga Zinder:
Maman Husna, Allah ya saka da alheri, amma ni ban shiga farfajiyar ba. Na cire takalmi ɗaya, na hango mutane durƙushe gaban gumaka, sai zuciyata ba ta kwanta ba, na mayar da shi. Ban ga laifin wanda ya shiga don ya gani ya sani ba, ni dai haka na ji a raina. Babu wanda ya tambaye ni dalili.

Kuma ban yi asarar zuwa ba. Ta waje akwai fili mai faɗi da ya zagaye ginin, da jerin ƙararrawa, da dandamalin da ake hango gari. Wurin ya haura mita 1,000 daga bakin teku, garin duka na shimfiɗe a ƙasanka, har jiragen sama kana gani suna sauka. A nan na ga siffar farar giwa, wani mai rakiyar baƙi ya ba mu labarinta. Su a wajensu, a zamanin Sarki Kue Na na daular Lanna aka ɗora wa farar giwa guntun ƙashin da suke cewa na Buda ne, aka sake ta. Ta hau dutsen nan, ta yi kuka sau uku, ta durƙusa ta mutu, sai aka gina hasumiyar a inda ta faɗi. Shekarar 1383 suke ba ginin. Da na ji wannan sai na gane abin da ya sa suke kai tsofaffinsu can komai wuya.

Salla kuwa, Alhaji, kada ka shimfiɗa darduma a can sama. Ku hau da sassafe, ku sauko kafin azahar. Akwai masallacin Ban Haw kusa da kasuwar dare, na Musulmin da kakanninsu suka zo daga Yunnan ta ƙasar Sin. Layin cike yake da abincin halal. Ku nemi khao soi, taliya ce a romon kwakwa da naman kaza ko na sa.

Ɗan Agege:
Kun dace da wata. Ni a Maris na je, lokacin da manoma ke ƙona gonaki kuma daji na cin wuta. Hayaƙi ya rufe kwarin gaba ɗaya kamar hazon hunturu mai kauri, na tsaya a dandamalin nan da Malam ya faɗa ban ga ko gida ɗaya ba, ga ƙaiƙayin maƙogwaro na kwana biyu. Mai asma kada ya je daga Fabrairu zuwa Afrilu. A Disamba sama garau take, sai dai ku riƙe rigar sanyi.

Mai shago a Kwari:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa Hajiya duka, ta ce za ta shiga tare da shawarar Maman Husna, ni kuma ina jin wajen Malam zan tsaya. Ɗalibi, ƙarfe nawa ya kamata mu bar otal?

Ɗalibi a Tailan:
Da kun idar da asuba, Alhaji. Ku yi magana da direba tun da dare. Kafin ƙarfe tara manyan motocin 'yan yawon buɗe ido sun fara isowa, layin taragon ya yi tsawo, tsayuwar za ta wahalar da Hajiya. In kuma ranar Juma'a ta same ku a garin, akwai kasuwar safe da ke ci daura da masallacin Ban Haw, ku biya ta can kafin huɗuba.