Versys 650 ko V-Strom 650, wanne zan ɗauka?

Abban Hanan: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kuɗin mashin sun haɗu, amma na rasa zaɓi tsakanin Kawasaki Versys 650 da Suzuki V-Strom 650. Doguwar tafiya nake yi, yawanci da uwargida a baya da akwatuna biyu, kuma wani sashe na hanyar burji ne. Ni ba dogo ba ne. Wanda ya taɓa hawa ya taimaka.

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Tunda akwai burji, V-Strom. Tayar gabansa inci 19 ce, ta Versys 17, kuma babbar taya ta fi haɗiye rami. A kwalta kuwa Versys ya fi saurin kwanciya a kwana. Ƙarfi kusan ɗaya ne, girman injin V-Strom cc 645, na Versys 649.

Ɗan Autan Mama: Ka ƙara kuɗi ka sayi babban, mai cc 1000, kawai oga.

Abban Hanan: Ƙafata da ƙyar take taɓa ƙasa a kan 650 ɗin, kana maganar 1000?

Na Allah: Tankin Versys lita 21, na V-Strom 20. Nawa yana kai ni kilomita 400 kafin in nemi mai.

Baba Direba: 400? Da goyo da kaya? Yaro, ni ban taɓa wuce 330 ba.

Alhaji Garba: Ku bar zancen lita. Na hannu na saya, mai shi ya rantse bai yi nisa ba. Wata na biyu sarƙa ta fara kuka. Na kai wa bakanike, ya ɗaure ta tamau kamar igiyar shanya, bai bar mata wasa ko kaɗan ba. Da muka hau ni da ƙanena shoka ta nutse, sarƙar ta ƙara tsauri, ta cinye haƙoran baya, ta tsinke a dajin da ko sabis babu. Awa huɗu muna tura mashin mai nauyin kilo 200 da ɗoriya. Har yau in na tuna ƙuguna sai ya amsa.

Na Allah: Allah ya kyauta Alhaji, amma wannan ai laifin bakanike ne.

Alhaji Garba: Wanda bai taɓa tura mashin ba bai isa ya ba da shawara ba.

Malam Sani: Haba Alhaji, sai mutum ya wahala za a ji maganarsa? Abban Hanan, duba shekara: V-Strom ya samu na'urar hana sulɓin taya tun 2017, Versys sai 2022.

Ɗan Autan Mama: A tambayi uwargida mana, ita za ta zauna a baya.

Baba Direba: Ni abin da ke ci mini rai, kowane bakanike sai ya ce ya iya babban mashin. Nawa da guduma ya nufi murfin inji.

Abban Hanan: To tsayin kujerar fa? Har yanzu ba wanda ya ce komai.

Alhaji Garba: Baba, naka ma ya dawo maka da notinan da ya kwance?