In iska mai guba ta taso ko wani abu ya fashe, me mutum zai fara yi kafin 'yan agaji su iso?

Ummu_Hanan:
Salam 'yan'uwa. Dan Allah masu sani ku taimaka min. Satin da ya wuce muna wurin aiki sai wani wari ya bugo mu kamar na bilic amma ya fi shi ƙarfi, ido na yaji maƙogwaro na ƙaiƙayi, ashe tukunyar gas ɗin kulorin ce ta ɗan yi yoyo a wata ma'aikata da ke kusa da mu. Allah ya taƙaita an toshe da wuri. Abin da ya tsaya min a rai shi ne wallahi babu wanda ya san abin yi a cikinmu, wasu sun yi waje da gudu, wasu sun buɗe tagogi wai iska ta shigo, wani ma waya ya ɗauko yana bidiyo. Ni kam ƙamewa na yi. To da abin ya yi yawa fa, guduwa ake yi ko zama?

Tsohon_ɗan_kwanakwana:
Wa'alaikumus salam. Hajiya amsar ta danganta da inda gubar take. In a cikin ginin da kike take, fita za ki yi. In daga waje take tahowa kuma ba ki da tabbacin za ki tsere mata, to ciki ya fi, a rufe ƙofa da taga, a kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki, a cusa jiƙaƙƙen tawul a ƙasan ƙofa. Masu buɗe tagar nan naku su suka fi kowa kuskure.

In kuwa kina waje ki duba inda iska ke kaɗawa, ko da hayaƙi ko ganyen bishiya za ki gane. Kar ki bi bayanta don da ke za ta tafi, ki ratsa gefe ki fita daga hanyarta sannan ki nufi ɓangaren da take fitowa. Kuma kulorin ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, ya bi kwari da rami da ɗakin ƙarƙashin ƙasa, saboda haka tudu ake nema ko bene. Gas ɗin da ya tsere daga masana'antar maganin ƙwari a Bofal ta Indiya a Disamban 1984 shi ma mai nauyi ne, cikin dare ya malala unguwannin da ke kewaye mutane na barci, dubbai suka mutu.

Mai bidiyon nan kuma ki ja masa kunne. A Beirut ranar 4 ga Agustan 2020 gobara ce ta fara tashi a tashar jiragen ruwa, mutane suka tsaya jikin tagogi suna kallo suna ɗauka, sai sinadarin amoniyam naitiret, wanda ake yin takin zamani da shi, wajen tan 2,750 ya fashe gaba ɗaya. Sama da mutum 200 suka rasu, kuma da yawan waɗanda suka jikkata gilashi ne ya yanke su. In kin ga walƙiya ko kin ji ƙara ki bar jikin taga ki kwanta ki rufe kai. In kuma bam ne aka dasa kar a taru a wurin, akan ajiye na biyu don masu zuwa kallo da masu ceto.

Nas_Bilki:
Baba ya gama magana, ni dai zan ƙara abu ɗaya da mutane ke raina shi, wato kayan jiki. Guba tana maƙalewa a tufafi tana ci gaba da aiki ko kin bar wurin. Lokacin da aka saki wata guba mai kashe jijiyoyi da ake kira sarin a jiragen ƙarƙashin ƙasa na Tokiyo a watan Maris na 1995, mutane da yawa da ƙafarsu da tasi suka kai kansu asibiti sanye da kayan da abin ya taɓa, sai ga ma'aikatan asibiti su ma sun fara jin alamun gubar alhali ko kusa da tashar ba su je ba.

Don haka a cire kayan sama da sauri, kuma kar a zare riga ta ka don za ta goge ido da baki, a sa almakashi a yanka ta ko a yage. A zuba a leda a ƙulle, a sake sawa cikin wata ledar, a ajiye nesa da mutane. Sai wanka da ruwa mai yawa da sabulu, ban da dirza da ƙarfi. Ido kuma a yi ta kwarara masa ruwa kamar minti 15. Na san akwai kunya, nima mace ce, amma a samu wata ta kare ki da zani ko bargo a yi abin da ya dace.

Sadiq_04:
To Anti takunkumin da muka saba sawa lokacin korona fa, ba zai tare ba? Kuma na ji ana cewa a sha madara tana kashe guba.

Nas_Bilki:
Takunkumin nan ba ya tare gas Sadiq, ƙura da feshin tari yake ragewa. Amfaninsa na wajen cututtuka ne, su kuma ba sa zuwa da ƙara ko wari, sai bayan kwanaki a ga mutane na ta zuwa asibiti da ciwo iri ɗaya. Madara kuma ciki take tafiya, abin da ka shaƙa yana huhu, ina suka haɗu? Kuma kar ka sa wanda ya haɗiyi sinadari yin amai da gangan, wani yana ƙona maƙogwaro sau biyu, shiga da fita.

Mai_ɗaukar_hoton_ƙashi:
Bari in sa baki ta ɓangarenmu, don namu shi ne tururin nukiliya (radiyeshin), wanda ba a gani ba a jin warinsa. A 1987 a garin Goyaniya na Burazil wasu masu neman tsohon ƙarfe suka shiga wani asibitin da aka yi watsi da shi, suka ɗauko wani ɓangare na na'urar gashin ciwon daji suka fasa. A ciki akwai garin siziyom, sinadari mai fitar da tururin nukiliya, mai sheƙi shuɗi a cikin duhu, ya burge su, aka yi ta nuna wa dangi ana rabawa, har wata yarinya 'yar shekara 6 ta ci abinci da shi a hannunta. Mutum 4 suka mutu har da ita, sai da aka auna mutum sama da 100,000. Duk ƙarfen da kuka ga alamar nan mai kama da fanka mai fukafukai uku a jikinsa, kar a taɓa, a matsa nesa a kira hukuma.

In kuma hatsarin nukiliya ne babba, a shige gini mai kauri, tsakiyarsa ko ƙarƙashin ƙasa (kun ga nan ya saɓa da na kulorin), a zauna aƙalla awa 24 ana sauraron rediyo. Cire kayan sama kaɗai yana iya raba mutum da kusan kashi 90 cikin 100 na ƙurar nukiliyar da ta sauka a jikinsa. Ƙwayar aidin da ake ta magana kuma wuri ɗaya take karewa a maƙogwaro, inda maƙoƙo ke fitowa, ba ta kare sauran jiki, kuma sai hukuma ta ce a sha.

Ummu_Hanan:
Kai, na gode ƙwarai, Allah ya saka. Wallahi kayan da na sa ranar ma da su na koma gida har na ɗauki yarinyata. Gobe zan sa almakashi da manyan ledoji a durowar ofis. Baba in yaran suna makaranta abin ya faru fa, in je in ɗauko su?

Tsohon_ɗan_kwanakwana:
In an ce kowa ya zauna a ciki kar ki fita, su suna cikin gini ke ce za ki shiga iskar, ki kuma fito da su cikinta. Ki je makarantar tun yanzu ki tambaye su wane ɗaki za su tara yaran in hakan ta faru, da lambar da za ki kira.